Kek Ba Ƙwai, Ba Madara

'Yata,

 Na saurari saƙon muryar da kika turo mini a kan matar da ta ba ki odar kek na cakulan, ta kuma gindaya miki sharaɗi: ba ƙwai, ba madara, ba bota, ba zuma, sannan a lulluɓe samansa da romon 'ya'yan itace maimakon kirim. Na ji yadda kika ƙyalƙyale da dariya kika ce wannan ai burodi take so ba kek ba. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya zaunar da ni rubuta miki shi ne maganar da kika ƙarasa da ita, wai za ki ɗan fasa ƙwai ɗaya a ciki don ya tashi, tunda ba mai ganewa.

Kada ki yi haka, 'yata. Na san ba da mugun nufi kika faɗa ba, gudun kunya ne, kada kek ya fito a kwance a ce ba ki iya ba. Amma ba ki san dalilin matar nan ba. Ƙwai da madarar shanu suna cikin abincin da suka fi tayar wa ƙananan yara alaji. Wani yaron borin jini kawai zai yi, ya kwana yana susa. Wani leɓɓansa da fuskarsa su kumbura, ya yi ta amai. Wani kuwa maƙogwaronsa ne zai toshe, numfashi ya gagare shi cikin 'yan mintoci, kuma idan asibiti na da nisa sai dai Allah Ya kiyaye. Uwar irin wannan yaro ba lallai ba ne ta tsaya yi miki dogon bayani. Ta gaji da bayani, ta gaji da dangi suna ce mata shagwaɓa ce take koya wa ɗanta. Abin da take nema shi ne mai sana'ar da za ta faɗa mata magana ɗaya ta riƙe.

To, a ce ma ba ciwo ba ne. Kiristocin Habasha 'yan ɗariƙar Otodoks suna azumin kwana 55 kafin Ista, ba sa taɓa nama ko ƙwai ko nono a cikinsa. Indiyawa da yawa suna shan madara amma ƙwai ba ya shiga bakinsu. Akwai kuma waɗanda ake kira 'yan bigan, masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har da zuma; wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a 1944. Mu a wurinmu ƙwai da nono da zuma halal ne, ni'ima ce daga Allah, kuma ba za mu haramta wa kanmu abin da Ya halatta mana ba. Sai dai matar nan ba wa'azi ta zo saye ba, kek ta zo saye, ta faɗi irin wanda take so, ke kuma kika amsa. Daga lokacin da kika amsa ya zama amana, kuma kin san matsayin algus a addini ba sai na tuna miki ba. Ki ƙaddara ke ce baƙuwa a wata ƙasa, kin ce wa mai abinci ba kya cin alade, shi kuma ya juya baya ya ce ai ɗan kitse ne kaɗan, ba za ta gane ba.

Don haka kafin ki auna ko da cokali ɗaya na fulawa, ki kira ta. Ki tambaye ta cikin ladabi ko alaji ne ko kuwa ra'ayi. Idan alaji ne, ki ƙara tambaya a kan gyaɗa da waken suya, domin man da za ki zuba daga ɗayansu zai iya fitowa. Sannan ki wanke roba da maburgi da gwangwanin gashi da sabulu da ruwan zafi, kada ki yi nata a rana ɗaya da kwano ɗaya da na sauran mutane. Ɗan ragowar ƙullu da ya maƙale a gefen roba ya isa ya kwantar da wani yaron.

Yanzu bari in kwantar miki da hankali a kan kek ɗin kansa. Ba sabon abu ba ne, kuma ba masu ra'ayi ne suka fara shi ba, talauci ne ya haife shi. Bayan tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, mata sun shiga shekaru da ƙwai da man shanu suka fi ƙarfin aljihunsu. Ba su gama farfaɗowa ba yaƙin duniya na biyu ya zo, gwamnati ta koma raba sukari da man shanu da kati. A Ingila ma har sai da babban mutum ya koma ƙwai ɗaya a mako. Yara kuwa ba su daina son zaƙi ba. A cikin wannan hali ne matan suka saba da yin kek na koko da fulawa da sukari da mai da ruwa, su tashe shi da bekin soda da khal. Da wadata ta dawo ba su yar da shi ba, saboda sun tarar ya fi wasu kek masu ƙwai shida laushi. Ke nan hanya ce da hannaye da yawa suka bi suka share, ba gwaji za ki fara a kan kuɗin mutane ba. Ga kuma yadda kiret ɗin ƙwai ya koma a kasuwa, ina ganin ko ba don matar nan ba ya kamata a ce kin iya shi.

Ki fara gane aikin da ƙwai ke yi, sai ki san abin da za ki nema a madadinsa. Idan kin buga ƙwai da sukari, iska kike tara masa, ita ce ke ɗaga kek. Idan ya ji wuta sai ya daskare, ya riƙe jikin kek ɗin kada ya rushe. Gwaiduwar kuma tana sasanta mai da ruwa su zauna tare. A wannan kek ɗin an raba ayyukan ne. Riƙon jiki an bar wa fulawa, ita da garin koko. Laushi an bar wa mai da sukari. Tashi kuwa an bar wa bekin soda da khal, kuma wannan kin riga kin san shi tun kina yarinya a gaban murhu: duk ranar da kika zuba ruwan kanwa a cikin yakuwa, kin ga yadda take tasowa da kumfa, tsamin ya karye. Bekin soda 'yar'uwar kanwa ce, tatacciya, fara fat. Da zarar ta haɗu da tsami sai ta saki iska, iskar ta shiga ƙullu ta yi ƙananan ƙofofi, wuta kuma ta zo ta kafe su a inda suke. Abin lura kawai shi ne kumfar ba ta jira. Ƙullun ƙwai zai iya haƙuri ki amsa sallama ki dawo, wannan kuwa in kin bar shi minti goma a ajiye, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Na san za ki tambaye ni a kan khal, don mutanenmu wasu na ɗari-ɗari da shi. Halal ne, ya ma zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Fari ko na tuffa, duk wanda kika samu. In babu, ruwan lemon tsami zai yi, awo ɗaya. Kuma ba za a ji ɗanɗanonsa a kek ba, sodar ta cinye shi.

Ga awon na gwangwani mai faɗin inci 8, wato santimita 20. Fulawa kofi ɗaya da rabi, kimanin giram 190. Sukari kofi ɗaya, giram 200. Garin koko sulusin kofi, wajen giram 30. Bekin soda ƙaramin cokali ɗaya a shafe, gishiri rabinsa. Mai sulusin kofi, khal babban cokali ɗaya, ruwa kofi ɗaya. Kofin da nake nufi shi ne na awo mai cin mililita 240, ba kofin shayin mai gidanki ba. In da gwangwanin madara kika saba awo, ki sani bai kai kofi ba, sai wajen ɗaya da rabinsa ne ke cika kofi guda. In kina da sikeli, shi ya fi, domin fulawar da aka danna a kofi da wadda aka zuba sako-sako ba nauyinsu ɗaya ba. A kek mai ƙwai kuskuren awo na iya ɓuya, a nan kuwa ba shi da wurin ɓuya.

Sodar nan ki kiyaye ta. Ba ita ce bekin foda ba, ko da yake a shago kusa da juna ake jera su. Foda an riga an haɗa ta da nata tsamin, kuma ba ta kai soda ƙarfi ba, saboda haka ba a musanya su cokali da cokali. Kada kuma zuciya ta raya miki cewa in kin ƙara soda zai fi tashi. Zai taso da sauri, ya faɗa a tsakiya, ya bar miki ɗanɗanon sabulu a harshe. In gwangwanin sodarki ya daɗe a buɗe, ɗiba kaɗan ki ɗiga masa khal a cokali. In bai yi kumfa nan take ba, ki sayi sabo.

A kan koko zan ɗan daɗe, domin shi ne kek ɗin gaba ɗaya. Babu bota ko madarar da za su rufa masa asiri in ba mai kyau ba ne. Garin koko zalla za ki nema, mai ɗaci, wanda in kin lasa za ki yamutsa fuska. Milo da 'yan'uwansa na shayi ba za su yi ba: akwai madara a cikinsu, ga sukari, kokon kuma kaɗan ne. Abin yana ba ni mamaki yadda muke neman garin nan kamar kayan waje, alhali fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, namu na Najeriya kuma ga shi nan a Ondo da Kuros Riba da Osun. Da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan, wanda aka buɗe a 1965. Muna nomawa, a kwashe a kai Turai a sarrafa, a dawo mana da shi a gwangwani. Hanyar matse man koko a bar garin ma a Holan aka fito da ita, gidan van Houten, a 1828, kuma daga can ne aka samo irin garin nan mai duhu sosai da aka kashe wa tsami. Za ki ga iri biyu a kasuwa, mai haske ja-ja da mai duhu. A wasu kek ɗin bambancin na da muhimmanci, amma a naki tunda ga khal, kowanne zai tashi. Mai duhun ya fi kyan gani a ƙarƙashin jan lulluɓi, mai hasken ya fi ƙamshi mai kaifi. Ni mai duhun nake zaɓa in na samu.

Tun da farashin koko ya haura dala 10,000 a kan tan ɗaya a kasuwar duniya a 2024, na daina sayen wanda ake ƙullawa a leda ba suna ba tambari. Ki sayi wanda aka rubuta abin da ke ciki, ki karanta. Karatun nan na bayan gwangwani ki mayar da shi ɗabi'a a wannan aikin, domin madara na ɓuya a wuraren da ba ki zata ba: a cikin bota ta roba da kike ganin ai man tsiro ce, a cikin cakulan na sanda, a cikin gahawar sacet mai haɗe da sukari.

Ga wata dabara da ke fito da ƙamshin koko. Ki tafasa ruwan nan kofi ɗaya, ki zuba a kan garin kokon, ki dama har ya narke ba gudaji. Ƙamshin da zai bugi hancinki a lokacin shi ne shaidar abin da nake faɗa miki. In kina so ki jefa rabin ƙaramin cokali na garin gahawa zalla. Ba za a ji gahawar ba, cakulan ɗin ne zai ƙara zurfi. Sai ki bar shi ya huce ya koma ɗumi-ɗumi kafin ya taɓa fulawa, don zafi na tayar da soda tun lokaci bai yi ba.

Mai kuma ki samu tatacce marar wari. Man gyaɗa na gida yana da daɗi a miya, amma a nan ƙamshinsa zai yi kokawa da koko. Wanda kika soya da albasa don kashe gafi kuwa, ko kusa da robar kada ya zo. Kada ki ji kamar an rage wa kek daraja don an sa mai a gurbin bota. Bota na daskarewa in ta huce, mai ba ya daskarewa, shi ya sa kek ɗin mai ke kwana biyu da laushinsa. Game da banila, ki duba kwalbar: ta ainihi da ake shigowa da ita galibi a cikin giya ake jiƙa ta. Akwai ta gari, akwai kuma marar giya. In ba ki samu ba, ɗan garin kirfa a bakin cokali ya wadatar, ko ki bar shi haka nan.

Wuta za ki fara kunnawa kafin ki haɗa komai. Obin ya kai digiri 180. Gwangwanin ki shafe shi da mai, ki shimfiɗa takarda a ƙasansa, ki barbaɗe gefen da garin koko, kada hannu ya kai ga bota bisa sabo. Sai ki tankaɗe fulawa da soda da gishiri a roba ɗaya, ki zuba sukari ki gauraya sosai, domin in soda ta taru wuri guda wani zai ci karo da ita a yankansa. A ɗaya kwanon ki haɗa ruwan koko da mai da khal. Ki juye mai ruwan a kan busasshen, ki juya da maburgi a hankali, daga ƙasa zuwa sama, har farin fulawa ya ɓace. Da ya ɓace ki tsaya. Na san hannunki ya saba da bugu, an koya miki cewa kek sai an bugu yake kyau. Wancan bota da sukari ake bugawa. Fulawa in ta jiƙa aka yi ta juya ta, danƙonta ke tashi, kek ya fito da tauri yana jan haƙori. 'Yan ƙananan gudaji ba laifi ba ne, wuta za ta narkar da su. Ƙullun zai yi miki ruwa-ruwa fiye da wanda kika saba, za ki kuma ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa suna fashewa a samansa. Kada ki ƙara fulawa. Juye shi a gwangwani, ki kai wuta a take.

Minti 30 zuwa 35 yake ɗauka. A minti ashirin na farko kada ki buɗe, ko ƙamshi ya cika gidan, domin jikinsa bai kafu ba, iska mai sanyi na shiga zai zauna. Bayan nan ki soka tsinken sakace a tsakiya. In ya fito da ɗanyen ƙullu, saura. In ya fito da 'yan ɓurɓushi masu laima, ya yi, ki sauke. Kada ki jira sai tsinken ya fito tas a bushe, lokacin ya wuce.

In babu wuta ko gas ya ƙare, tukunya da yashi ba su daina aiki ba, da su muka yi kek ɗin bukukuwa da yawa kafin obin ya zama ruwan dare. Babbar tukunya mai murfi mai kama baki, busasshen yashi mai tsabta kamar tsawon yatsa biyu a kwance, sai ƙananan duwatsu uku ko murfin gwangwani da kek zai hau, kada gindinsa ya taɓa yashin. Ki rufe ta yi zafi wajen minti goma sha biyar tukuna. Gawayin ya zama ya ruru ya kwanta, ba mai harshe ba. In kek ɗin ya kusa nuna ki ɗora 'yan garwashi a kan murfin don saman ya gasu. Abin da za ki kiyaye shi ne baƙin kek ba ya nuna ƙuna da ido, sai dai hanci ya gaya miki. Da kin ji ƙamshin ya fara juyawa zuwa ɗaci, rage wutar ƙasa.

Da zafinsa kek ɗin nan ba shi da ƙwari ko kaɗan, tunda babu ƙwan da zai ɗaure shi. Ki bar shi a gwangwani kamar minti goma sha biyar, ki zagaya gefen da wuƙa, ki kife a hankali, sannan ki ƙyale shi ya huce sarai. Mai gaggawa a nan ita ke tsintar kek ɗinta gida uku.

Sai lulluɓin. Matar nan ta san abin da take so, domin cakulan na da nauyi a baki, ɗan tsami ne ke buɗe shi. Shahararren kek ɗin nan na birnin Biyana da ake kira Sacher, da jam ɗin wani ɗan itace mai tsami-tsami ake shafe shi, Jamusawa kuma ceri suke haɗawa da nasu. Mu ba sai mun nemi nasu ba. Lokacin zafi ga mangwaro har ana zubarwa. Ki zaɓi mai tsoka marar zare, wanda ya nuna amma bai lugwigwita ba. Da hunturu ana kawo sitiroberi daga Jos, in aljihun mai oda zai ɗauka. Lemon zaƙi na tafiya da cakulan sosai, musamman in kin kankare ɗan koren bayansa kin zuba, ban da farin, shi ke da ɗaci. Kankana da gwanda ki bar su, wuta na kashe musu ɗanɗano su koma salam. Tsamiya da dabino suna yi, amma suna da ƙarfi, ba kowane yaro zai so ba.

In ni ce, zoɓo da abarba zan yi. Ja wur a kan baƙin kek, ba kalar kanti ko ɗigo, ga tsamin daidai. Sai dai ki gaya mata tun farko, don zoɓo ba ɗan itace ba ne kai tsaye, kada ta ce ba haka aka yi da ke ba. Ki dafa shi da kauri, cikin tafin hannu ɗaya a kofin ruwa, ban da citta da kanumfari na zoɓon sha, ki tace da kyalle saboda yashi. Rabin kofi na wannan, rabin kofi na markaɗaɗɗiyar abarba da aka tace. Kada ki dafa a tukunyar dalma, tsami na cin ta, launin ya dusashe, ɗanɗanon ƙarfe ya shiga. Ta sitil za ki ɗauka.

Ko wanne kika zaɓa, hanyar ɗaya ce. Kofi ɗaya na ruwan 'ya'yan itacen, sukari babban cokali uku, ki ɗanɗana ki ƙara in zoɓo ne. Ki ɗora a wuta marar ƙarfi. A gefe ki dama sitacin masara, wanda ake sayarwa da sunan konfulawa, babban cokali ɗaya a ruwan sanyi cokali biyu. In mangwaro ne ƙaramin cokali biyu ya isa, don shi da kaurinsa ya zo. Da tukunya ta fara tafasa ki tsiyaya sitacin kina juyawa. Da farko zai yi fari-fari kamar ya ɓaci, ki ci gaba. Cikin minti ɗaya za ki ga ya washe, ya yi sheƙi, cokali na barin hanya a bayansa. Nan za ki sauke. In mangwaro ne ko sitiroberi, sai a lokacin za ki matsa ɗan lemon tsami, bayan an sauke, domin tsami in ya daɗe yana tafasa da sitaci yana tsinka shi. Gwajinsa: tsoma cokali, ki ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai haɗe ba, ya yi.

Za ki ga wasu na cewa a sa jelatin don sheƙi. Daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, na shanu ko na alade, saboda haka bai halatta a wannan kek ɗin ba, ke ma kanki sai kin bincika kafin ki sa shi a wani. In babu konfulawa, garin kastad zai tsaya miki, don shi ma sitacin masara ne da kala da ƙamshi. Labarinsa ma ya dace da aikinki: wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai, ita kuma tana son kastad. Bayan shekara shida ya haɗa mata bekin foda, don yis ma ba ya yi mata. Amma ki duba bayan robar, wasu kamfanonin na ƙara madara. Kuma ruwan ɗorawarsa da mangwaro ya dace, a zoɓo zai dagula miki ja.

Kada ki zuba da zafi, zai jiƙa saman kek ya nutse. Kada kuma ki bari ya sandare, zai zauna guda-guda. Ki jira ya koma yadda za ki iya tsoma yatsa ba ki janye ba, kina ɗan juyawa don kada ya yi fata. In saman kek ya yi tozo, ki kife shi gindin ya koma sama, ya fi shafewa. Ki zuba a tsakiya, ki tura da bayan cokali zuwa baki, ki bar shi ya gangaro da kansa. Ba sai ya rufe gefen duka ba, baƙin da ke leƙowa tsakanin jan shi ne adon. In za ki jera yankakkun 'ya'yan itace a sama, sai dab da miƙawa, don suna tsatsafar da ruwa.

Shawarata ki gasa kek ɗin ana gobe za a karɓa, ki naɗe shi a leda in ya huce, ki yi lulluɓin da safe ranar da za a karɓa. Kwanan da ya yi na ƙara masa daɗi da ƙwari, ya fi yankuwa. Shi kaɗai zai yi kwana biyu zuwa uku a rufe ba firji, amma da hunturu in kin bar shi a buɗe kafin la'asar ya bushe. Lulluɓin ne ba ya jure zafi; a watan Afrilu in babu firji mai sanyi, kada ya kwana a kan kek. In kuma gidan da nisa, a Adaidaita Sahu za a kai, gara ki zuba shi a 'yar roba daban ki nuna mata yadda za ta zuba, da a ce ya isa ya shafe jikin kwali.

Wajen kuɗi, kada ki karya farashi don kawai ba ƙwai. Koko mai kyau ya fi ƙwan tsada, ga wahalar ware kwanuka. Ki yi lissafinki ki faɗa mata gaskiya. Ki kuma rubuta duk abin da kika zuba a 'yar takarda, har da irin man, ki manna a kwalin, don in wani baƙo ya tambaye ta ta samu abin nunawa. Kafin ranar, ki gwada rabin awon a ƙaramin gwangwani ku ci a gida, saboda kowane obin da halinsa, naki kuma na lura bayansa ya fi gabansa zafi, sai kin juya gwangwanin bayan minti ashirin. In kin ga tsakiyar ta faɗa, ki duba abu uku kafin ki kira ni: ko soda ta yi yawa, ko ƙullun ya jira wuta, ko kin buɗe da wuri.

Gwaggonki.